Wata biyu ina fama da jet ɗin kafireto bayan na canza salansa da iyakilina

Sana'ata sayen riɗi da zoɓo a ƙauyukan da ke kewaye da Gumel. Ina bi gida-gida da gona-gona ina tarawa, ranar Alhamis in kai Maigatari. Babur shi ne ƙafata, shi ne jakina. Nawa irin mai inji 125 ne, cikin waɗanda ake ƙerawa a Chaina bisa tsarin Honda CG125, kuma a jikin kafiretonsa an buga PZ26. Na rubuta wannan ne saboda na ga samari da yawa a wajenmu suna cire salansa da akwatin iska na asali su sa na kasuwa, daga nan babur ya rikice musu, su yi ta zagaye gareji-gareji kamar yadda na yi, ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu inda matsalar take.

Ni ba don gayu na canza nawa ba. A daminar 2024 na yi ta ratsa ruwa, salansa ta ci tsatsa har ta huje ta ƙasa. Da kaka ta yi kuma, wata rana na ɗauko buhu biyu, yashi ya kwashe ni, babur ya kwanta ta gefen da akwatin iyakilina, wato akwatin matatar iska, yake, robar ta tsage tun daga sama har ƙasa. Da na tambayi kuɗin na asali guda biyun sai na ga sun yi mini nauyi a lokacin da kowace naira nake so ta shiga riɗi. Sai na sayi wata gajeriyar salansa mai faɗin baki wadda kusan babu komai a cikinta, makanikin ƙauyenmu kuma ya ɗaura mini 'yar ƙaramar matatar iska ta raga, mai kama da kwando, kai tsaye a bakin kafireto. Ranar farko na ji daɗi. Ƙara ta cika unguwa, ni kuma na ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru.

Da sanyi ya fara shigowa a ƙarshen Nuwamba sai abubuwa suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya. Da asuba sai na yi ta buga kik, in ya tashi kuma dole in bar cok a jawe na tsawon lokaci, da na mayar da shi sai ya mutu. Idan ina tafiya na saki totur, salansa ta dinga tas-tas-tas kamar ana fasa gyaɗa a wuta. Idan na tsaya, injin ba ya sauka silo, wato aikinsa a hankali ba a murɗa totur ba, nan take, sai ya rataye a sama na ɗan lokaci tukuna ya sauko. Zafin da ke dukan ƙafata ta dama ya fi wanda na saba ji, wuyan salansa daga inda ta fito daga inji ya koma shuɗi. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne a kan kwaltar Maigatari da kaya a baya: na murɗa totur har ƙarshe sai babur ya yi kamar an riƙe shi ta baya, da na ɗan sassauta hannu kaɗan sai ya ƙara gudu. Na yi ta maimaitawa, haka yake yi kowane karo. A ganina wannan ya saɓa wa hankali, yaya za a ce rage wuta ya fi ba da wuta gudu?

Na fara komawa wurin makanikin ƙauyenmu. Ya cire fulogi, ya ce ya ƙone, ya sa sabo. Na tuna kalar tsohon sarai, fari fat kamar alli, amma a lokacin ban san fulogi yana magana ba. Ya kwance kafireto ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya murɗa wani sukuru a ƙasa, ya ce in je. Na biya 3,000, rabi kuɗin fulogi rabi kuɗin aiki. Silo ya ɗan gyaru, saura kuwa suna nan yadda suke. Bayan mako guda na kai shi wani gareji a cikin gari. Wannan shi ya fara furta kalmar da ta dace, ya ce mai ne ba ya isa. Sai dai maganin da ya yi shi ne ya jefa ni cikin sabuwar wahala. Ya kwance ƙoƙon da ke ƙasan kafireto, ya ciro babban jet, wato ɗan ƙarfe mai ƙaramin rami da mai ke bi ta cikinsa, ya tsinko sili ɗaya daga tsohuwar wayar kuloci, ya dinga zura shi a ramin yana juyawa, daga baya ya ɗauko wata allura mai kauri ya ƙarasa. Ina tsaye ina kallo. Ya ce yanzu zai sha mai ya ƙoshi. Na biya 2,000.

Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Zafin ya ragu, gaskiya ne, amma daga rabin totur zuwa sama babur ya koma yin burr-burr kamar mai shaƙewa, baƙin hayaƙi na fita, tufafina na warin ɗanyen mai. Na saba lita ɗaya ta kai ni kusan kilomita 40, sai ga shi da ƙyar take kai 25, a lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000, a wurin 'yan bumburutu na ƙauye kuma ta fi haka. Tas-tas ɗin sakin totur bai daina ba, wahalar tashi da safe ma tana nan. Ranar wata Laraba da yamma ya mutu mini a tsakanin gonaki da buhun zoɓo a baya. Na ciro fulogi na tarar da shi baƙi ƙirin, kunkunniya ta rufe shi. Na goge da gefen rawanina, na kankare da tsinke, ya tashi, ya yi tafiyar da ba ta kai kilomita uku ba ya sake mutuwa. Na isa gida bayan isha'i ina turawa. A daren nan na yi tunanin sayar da shi ko nawa ne.

Wani abokin mahaifina, da ya ji labari a masallaci, shi ya tura ni wurin wani dattijon makaniki a Gumel, wanda ya ce tun zamanin da Honda da Suzuki na Japan suke cika hanya yake wannan aiki. Na isa da hantsi na tarar da babura biyar a gabana. Na zauna a benci har aka yi azahar, muka yi salla, sannan ya waiwayo ni. Bai taɓa babur ɗin ba sai da ya sa na ba shi labari tun daga farko, yana tambaya: a wane wuri na totur yake yin kaza, da sanyi ko da zafi, da cok ko babu. Da na kai kan maganar sassauta hannu ya ƙara gudu, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗana, a lokacin nan babban jet ne ya yi maka kaɗan. Ka buɗe masa hanci, ka buɗe masa baya, iska na shiga da yawa, mai kuwa yana nan yadda kamfani ya auna shi don akwatin da ka cire. Yanzu kuma an yage ramin, ba wanda ya san lambarsa."

Ya kwance kafireton ya baje shi a kan wani tsohon faranti, ya kira ni in matso. A nan na fara ganin abin da idona. Ya nuna mini cewa hanyoyin mai uku ne, kowace da lokacin aikinta. Ƙaramin jet, siriri mai tsawo, wanda suke kira jet ɗin silo, shi ke ciyar da inji daga silo zuwa kusan kwata na totur. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu aikin allura ne, wata doguwar allura mai tsini da ke rataye a jikin abin da wayar totur ke ɗagawa, tana fita daga raminta a hankali tana ba mai hanya. Daga nan zuwa ƙarshe sai babban jet. Ya ce shi ya sa yake tambayar wurin da hannu yake, ba gudun da mita ke nunawa ba, domin kafireto bai san gudu ba, buɗewar totur kawai ya sani. Ya ɗaga babban jet ɗina a rana, ramin ya zama kamar ƙwai maimakon da'ira, gefensa duk ƙarzuwa, ga lamba 95 a jiki wadda ba ta da sauran ma'ana. Tagulla ce, tana da laushi, waya tana cin ta nan da nan. A jikin ƙaramin kuma an buga 38.

Sai ya zaro allurar, ya yi shiru yana dubawa, ya tambaye ni ko an taɓa matse mini kafireto don rage shan mai. Na tuna, bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kusan kowa a wajenmu ya kai babur an yi masa haka, ni ma na kai. A kan allurar akwai tsaga biyar da wani ɗan zobe da ake maƙalawa a ɗaya daga ciki. Nawa yana can tsaga ta sama, ta farko. Idan zoben yana sama, allura na nutsewa ƙasa ta toshe hanya, mai ya ragu. Idan aka sauko da shi ƙasa, allura ta ɗagu, mai ya ƙaru. Mutane da yawa suna juya wannan a kansu. Ashe tun kafin in canza komai babur ɗina a kan iyaka yake, da na ƙara masa iska sai ya faɗa.

Bai tsaya nan ba. Ya lanƙwasa robar da ke haɗa kafireto da inji da yatsunsa, sai ga tsaga ta buɗe a ƙasanta, inda ido ba ya kaiwa. Ta nan iska ke satar hanya ta shiga ba tare da ta bi ta kafireto ba, ita ce ke sa silo ya rataye. Ya kwance salansa ya tarar ba a sa gaskit a wuyanta ba sam, iska na shiga ta nan tana haɗuwa da ragowar mai, shi ne wani ɓangare na tas-tas ɗin. Ya jira inji ya huce sosai ya auna tafet, wato tazarar bawul, ya mayar da shi 0.08 na milimita, ya duba tsayin mai a cikin ƙoƙo. Ya ce duk wanda ya fara canza jet bai toshe waɗannan ba, yana awo ne da mudu mai huji. Abu na ƙarshe da ya yi shi ya fi tsaya mini a rai. Ya zura ɗan yatsansa a maƙogwaron kafireto ta bayan matatar ragar nan, ya shafo, ya miƙo mini. Jan ƙura ce, mai laushi kamar garin lalle, da ɗan ƙasa-ƙasa idan ka murza. Ya ce, "Wannan duk cikin injinka take tafiya. Ragar nan tana tare ƙuda da ciyawa, ba ta tare ƙurar hunturu. Ka bar ta wata shida za ka zo neman ringi da fistin." Ya ce ko dai in nemo akwatin asali, ko in sayi matata ta soso wadda ake shafa wa mai, kuma in yanke shawara kafin a taɓa jet, domin kowace matata da irin iskar da take bari ta wuce. Ranar na biya 2,500 na roba, 500 na gaskit, 2,000 na aiki. Ya ara mini wani tsohon jet mai lamba 98 daga gwangwaninsa don in samu na komawa gida, da sharaɗin kada in murɗa totur har ƙarshe.

Jet ɗai-ɗai masu lambobi daban-daban ba a samu a kusa da mu ba, dole sai Kano. Kafin in tafi na zauna da ƙanena wanda ya yi kwalejin fasaha, na ba shi labarin, shi kuma ya ƙara mini abin da Baba, wato dattijon makanikin nan, bai faɗa da lissafi ba. Ya ce fetur yana ƙonewa tsaf ne idan nauyin iska ya ninka nasa sau 14.7, amma inji ya fi ba da ƙarfi, ya kuma fi samun sanyi, idan mai ya ɗan fi haka yawa, wato iska ta ninka shi sau 12.5 zuwa 13 kawai. Ya ce a kafireto irin na kamfanin Keihin na Japan, wanda PZ irin nawa ya kwaikwaya, lambar jet tana nuna faɗin ramin ne, 100 na nufin kusan milimita ɗaya. Kuma mai yana bin girman filin ramin ne gaba ɗaya, saboda haka daga 95 zuwa 100 ƙarin ya kai kusan kashi 11 cikin 100, daga 95 zuwa 105 kuwa ya haura kashi 20. Nan na gane ɓarnar da allurar nan ta yi: abin da ido ke gani kamar ba komai, a wurin inji babban abu ne.

Na shiga mota da sassafe ranar Litinin, muka bi ta Gujungu da Gezawa, na sauka 'Yankaba, na hau adaidaita zuwa wurin masu kayan babura. Na tafi da lalataccen jet ɗina da ƙaramin a ƙulle cikin leda, kuma wannan ne ya cece ni. Shagon farko da na biyu da na uku duk amsa ɗaya suka ba ni, in sayi kafireto sukutum. Na ƙi, domin Baba ya riga ya gaya mini sabon ma da jet ɗin akwatin asali zai zo, ban tsira ba. A wani shago aka zazzago mini jet a tafin hannu, wasu babu lamba ko ɗaya a jikinsu, wasu kuma da na gwada da nawa sai na ga tiredin ba ɗaya ba ne, mai shagon ya ce na Mikuni ne, wani kamfanin kafireto daban. Lambar Mikuni da ta Keihin ba abu ɗaya suke aunawa ba, 100 na wannan ba 100 na wancan ba ne, ko da an yi sa'a ya ɗauru. Sai wajen la'asar wani yaro ya raka ni can cikin lungu wurin wani mai sayar da ƙananan kayan kafireto zalla. Na sayi 98, 100, 102 da 105, da ƙaramin jet mai lamba 40, kowanne 700. Na jera su a tafin hannu na ɗaga su a haske ɗaya bayan ɗaya don in tabbata ramukan suna ƙaruwa bi da bi, domin an gargaɗe ni cewa akan samu wanda lambar jikinsa daban, raminsa daban. Na ƙara da matatar soso 4,000, da fulogi uku masu lamba D8EA 4,500. Kuɗin mota zuwa da dawowa da adaidaita ya tashi 9,500. Akwatin asali na tambaya, akwai, amma kuɗin da ya rage a aljihuna bai kai ba.

Ranar Asabar muka yi gwajin, ni da Baba da wani yaronsa. Da farko ya jiƙa soson da baƙin mai mai tsabta, ya matse shi a tafin hannu har ya daina ɗiga, ya ɗaura. Ya mayar da zoben allura tsaga ta uku, ta tsakiya. Ya ɗauko wani guntun farin fenti ya yi alama a jikin hannun totur: kwata, rabi, uku cikin huɗu, ƙarshe. Sannan ya sa 105. Na ce, "Baba, ba daga ƙarami za mu fara muna hawa ba?" Ya ce a'a, daga babba ake saukowa. Mai ya yi yawa, fulogi kawai zai ɓata. Mai ya yi kaɗan a cikakken totur, bawul ne zai ƙone ko fistin ya huje. Kuma babban jet ake fara daidaitawa, domin ta cikinsa man da allura ke aunawa yake biyowa, idan ka gyara allura tukuna ka canza shi, aikinka ya koma baya.

Muka fita bayan gari inda kwalta ta miƙe, babu mahaɗa, babu dabbobi a lokacin. Na sa hular kwano. Na yi ta zagaye kusan minti goma sha biyar har inji ya yi zafinsa na aiki. Da 105, a giyar ƙarshe da totur a ƙarshe, sai ya dinga burr-burr ba ya son ƙarasa hawa, in na ɗan sassauta sai ya yi tuntuɓe kafin ya daidaita. Baba ya ce ya yi yawa. Muka jira ya ɗan huce, aka rufe famfon mai, aka zubar da na cikin ƙoƙo a gwangwani, aka sa 102. Nan take na ji bambanci, ya hau tsaf har ƙarshe, muryarsa ɗaya ba yankewa. Aka sa 100, shi ma ya hau, har na ga kamar ya fi kaifi kaɗan, amma da na sassauta hannu sai na ji wannan 'yar ƙaruwar gudun da na sani, ba kamar da ba, amma tana nan. Ba mu ma gwada 98 ba. Muka koma 102, aka sa sabon fulogi, Baba ya ce in riƙe totur a ƙarshe a giyar ƙarshe gwargwadon yadda hanya ta ba ni dama, sannan a lokaci ɗaya in kama kuloci, in kashe makulli, in gangara in tsaya, kada in bar shi ya yi silo ko na daƙiƙa ɗaya, don silo yana goge shaidar. Yaron ya ciro fulogin da tsumma saboda zafi. Sabon fulogi ba ya saurin ɗaukar kala, don haka Baba ya haska tocila can cikin gindin farin tangaran ɗin, ya nuna mini wani zobe mai ruwan ƙasa-ƙasa, kalar ƙosai da ya soyu daidai. Ya ce shi ke nan, a bar shi.

Allura ba ta ɗauki lokaci ba. A tsaga ta uku, idan na riƙe totur a rabi, babur na ɗan yin gaba da baya kamar mai shakka, na ɗan ja cok kaɗan sai ya daina, alamar yana son ƙarin mai. Aka sauko da zoben tsaga ta huɗu, ya wuce sumul. Ƙaramin jet ne ya ci mana sauran yinin. A kafiretona sukurun da ke daidaita haɗin mai da iska na silo yana ta ɓangaren inji, saboda haka na mai ne, warware shi na ƙara mai. Wanda nasa yake ta ɓangaren matatar iska, na iska ne, warwarewa na rage mai, kuma rashin sanin wannan ya sa mutane da yawa suna murɗawa a baibai. Baba ya ɗaure shi a hankali har ya taɓa ƙarshe, bai matsa ba don tsininsa na iya karyewa, sannan ya dinga warwarewa kwata-kwata yana kasa kunne, yana neman inda silo ya fi tashi ya kuma fi daidaita. Da 38 sai da ya kai zagaye uku da rabi. Ya ce idan ya haura uku, jet ɗin ya yi kaɗan, idan bai kai ɗaya ba, ya yi yawa. Aka sa 40, ya tsaya a zagaye biyu. Ya sauke silo da ɗaya sukurun. Tas-tas ɗin ya ragu ƙwarai, sai ɗan kaɗan da ba a rasawa a buɗaɗɗiyar salansa. Washegari da asuba, bugu biyu ya tashi, cok na minti ɗaya ya ishe shi. Na ba Baba 5,000, man gwaji ya ci 3,500. Da na tara duka tun daga makanikin farko, ya kai 40,000, ban da ranakun kasuwa biyu da na rasa.

Kafin in tafi ya ce in dawo idan zafi ya shigo, ko in yi da kaina tun da na gani. Ban fahimci dalili ba sai a watan Afrilu. Rana na haura digiri 40, babur ya fara nauyi a sama, fulogi ya fara duhu. Iskar zafi ba ta kai ta sanyi kauri ba, tsakanin asubar hunturu mai digiri 15 da tsakar ranar bazara mai 40 bambancin ya kai kusan kashi 8 cikin 100, jet kuwa bai san an canza yanayi ba, man da yake bayarwa yake bayarwa. Haka abin yake ga wanda ya hau da babur ɗinsa tudu irin na Jos, iska ta fi sirantaka a can. Na sa 100 da hannuna, na yi kwana biyu ina hawa ban taɓa komai ba, sama ta gyaru amma tsakiya na nan da nauyi, sannan na mayar da zoben allura tsaga ta uku. Yanzu lita tana kai ni kilomita 36 zuwa 37 da kaya.

Da za a mayar da ni baya, akwatin iska na asali zan saya tun ranar da ya tsage, ko da bashi ne. Ƙarfin da na samu daga wannan canji bai taka kara ya karya ba a inji 125, ƙarar ce kawai ta ƙaru, kuma a hanyoyinmu na yashi da ƙura akwatin nan ba ado ba ne, shi ke tsare ran inji. Wanda kuma ya riga ya canza, ina roƙonsa kada ya bari kowa ya zura waya ko allura a jet ɗinsa, ko da sunan wankewa ne, fetur da iska sun isa. Ya duba lambar da ke jikin nasa da idonsa ya rubuta, domin lambobina na babur ɗina ne da irin salansata da matatata, wani mai irin babur ɗin ma zai iya tarar da wata lamba daban daga kamfani. Ya toshe duk inda iska ke sata kafin ya sayi jet ko ɗaya. Ya canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin ranar da aka canza mini fulogi aka wanke kafireto aka murɗa sukuru duk a zama ɗaya, ban iya sanin wanne ya yi aiki ba. Idan ya je wurin makaniki kuma, ya iya faɗin a wane wuri na totur ciwon yake, wannan kaɗai na rage rabin wahalar. Masu matse allura don tsimin mai kuwa, na fahimci halin da ake ciki, ni ma na yi, amma farin fulogi da shuɗin wuyan salansa suna nufin abin da aka rage a gidan mai za a biya shi a ringi da bawul.

Soson nan ina wanke shi duk Juma'a da yamma a lokacin ƙura, in bar shi ya bushe, in shafa masa mai in matse, kuma kowane karo sai na zura yatsa a bayansa na duba. Jet ɗin Baba mai lamba 98 na mayar masa. Sauran suna cikin wani gwangwanin mentilato a ƙarƙashin kujerar babur, tare da 'yar takarda da na rubuta: sanyi 102, tsaga ta huɗu, zafi 100, tsaga ta uku, ƙarami 40, zagaye biyu. Na fara ajiye kuɗin akwatin asali daga cinikin zoɓon bana, kuma Baba ya ce ranar da na kawo shi in zo da 95 sabo da 98, za mu sake fita bayan gari.